Kafin Ka Ce Motarka Ba Ta Jin Totur

Ƙannena maza da mata, akwai ƙorafin da ya yawaita a bakin matasan da Allah ya hore wa abin hawa, da waɗanda ke jan motar gida ko ta maigida. Sai ka ji an ce: "Motar nan ba ta jin totur. In na taka sai ta tsaya tana shawara, can kuma ta zabura." Wani ya ce tana da nauyin tashi, wani ya ce jan ƙafa take yi. Abin da ya fi ƙona musu rai shi ne motar ba tsohuwa ba ce. Ga tsohuwar Golf ta haya, an danƙara mata fasinja da buhuna, amma da danja ta ba da hannu sai ta bar su a tsaye, alhali injin tasu ya ninka nata ƙarfi. Daga nan sai a bazama neman magani. A kan wannan neman nake so mu yi magana, domin ana zubar da kuɗi a cikinsa, ana lalata lafiyayyun injuna, kuma gaggawar da ke ingiza shi takan ci abin da ya fi kuɗi da inji.

Ba zan ce muku ƙorafin ba shi da tushe ba. Yana da shi. Ku ɗauki Peugeot 504 da iyayenmu suka hau, wadda kamfanin Kaduna da aka buɗe a 1975 ya yi shekaru yana haɗawa. Waya ce ta ƙarfe ta tashi daga ƙarƙashin ƙafar direba ta zarce har kafireta. Ka taka, wayar ta ja, murfin iska ya buɗe, wani ɗan famfo a cikin kafiretar ya tsarta ɗanyen mai, inji ya amsa nan take. Babu mai shiga tsakani. Amma da tsada ake sayen wannan amsawar, don wani ɓangare na man da aka tsarta fita yake ta salansa bai ƙone ba. Shi ne warin fetur da baƙin hayaƙin da muka tashi muna shaƙa a tasha.

A motar zamani an cire wayar nan. BMW 750i ta ƙarshen shekarun 1980 tana cikin na farko da suka fito babu ita, daga baya abin ya game ko'ina: Camry daga samfurin 2002, Corolla ta Amurka daga 2005. Tun da galibin motocinmu na hannu ne da ke shigowa daga Amurka da Turai ta Legas da Kwatano, yau da wuya ka buɗe bonet ɗin motar da ta fito bayan 2010 ka ga wayar totur. Yanzu totur ɗan aike ne kawai. A jikinsa akwai sensa biyu da ke auna yadda ka taka, su kai saƙo ga kwamfutar inji. Ita ce mai yanke hukunci. Sai ta duba zafin inji, da gudun da ake yi, da giyar da ake ciki, da ko AC na kunne, da ko taya na sulɓi, sannan ta umarci wani ɗan injin lantarki da ke bakin injekta ya buɗe murfin iska gwargwadon abin da ta ga ya dace.

Me ya hana ta bin umarni kai tsaye? Injin fetur yana son iska da mai a kan ma'auni, kusan awo 14.7 na iska ga awo 1 na fetur, kuma matatar hayaƙin da ke cikin salansa, wadda makanikanmu ke kira indomi, ba ta aiki sai an tsaya kusa da wannan ma'aunin. In aka wangale murfi lokaci guda ma'aunin yakan karkace, hayaƙi mai guba ya ƙaru, dokokin Amurka da Turai kuwa ba sa barin a sayar da mota mai wannan hali. Ban da haka, fizgar farat ɗaya tana dukan giyabos da shaf da robobin da ke riƙe da inji. Shi ya sa aka koya wa kwamfutar ta tausasa farkon takawa. Amma ku riƙe wannan: saƙon lantarki ba ya ɓata lokaci a hanya, kuma ɗan injin nan yana iya wangale murfin cikin ƙiftawar ido. Jinkirin da aka sa da gangan ɗan kaɗan ne, bai kai abin da kuke ji ba.

Galibin abin da kuke ji daga giya yake fitowa. Motocin otomatik na baya giya huɗu gare su. Na yanzu shida ne, takwas, wasu har goma, kuma an tsara su ne su yi maza su haye giyar sama don tsimin mai. Kana tafiyar kilomita 60 a cikin gari, dubi allurar juyin inji, za ka tarar tana kwance wajen 1,500. A wannan juyin babu wani ƙarfin kirki a hannun injin. In ka danna totur har ƙasa, sai kwamfuta ta tantance ko da gaske kake ko gargada ce ta motsa ƙafarka, sannan giyabos ya saki giyar da yake ciki, ya sauko biyu ko uku, inji ya haura juyi 4,000, sai a lokacin ƙarfi ya isa taya. Duk wannan yakan ci sakan guda, wani lokaci fiye. Masu giyar CVT, irin ta yawancin Nissan da sababbin Corolla, nasu salon daban ne: inji ya riga ya ɗaga murya, gudu ya biyo baya a hankali, har direba ya ɗauka giyarsa ce ke zamewa. Ita kuwa Golf ɗin da ta bar ka a danja manuwal ce, tana giya ta ɗaya, kuma direbanta ya ba ta wuta tun kafin ya saki kuloci.

Injin turbo ya zo da nasa jiran. Kamfanoni sun koma ƙananan injuna masu turbo, irin mai lita 1.5 da Honda ta sa a Civic ta 2016 da Accord ta 2018. Hayaƙin da inji ke fitarwa shi ke juya turbo, ita kuma ta tura iska cikin inji. Ke nan sai inji ya ɗan tashi kafin hayaƙi ya isa juya ta, sai ta juya kafin ƙarfi ya zo. Sannan ga yanayinmu. Iskar da ta kai digiri 40 ta fi ta digiri 20 sakayau da kusan kashi 6 cikin 100, wato abin da inji ke shaƙa ya ragu ke nan, kuma zafin ƙarƙashin bonet a cikin gosulo ya wuce 40 nesa ba kusa ba. In zafi ya yi yawa kwamfuta takan ja wutar filogi baya don kada inji ya yi ƙwanƙwasa, ga AC kuma tana jan nata rabon. Motar da ke tashi garau da asubahin Janairu, in ta yi nauyi da azahar ɗin Afrilu a Sakkwato ko Maiduguri, ba lalacewa ta yi ba. Haka a Jos, mai tudun kusan mita 1,200, injin da ba shi da turbo yakan rasa wajen kashi 10 cikin 100 na ƙarfin da yake da shi a Legas, ya dawo masa in an gangaro.

Wannan duk hali ne, ba ciwo ba, kuma aikinka na farko shi ne raba tsakanin biyun. Hali ba ya canjawa. Yadda motar ta yi jiya haka za ta yi gobe, ɗan jira sannan tashi mai santsi. Ciwo kuwa sabon abu ne da ke ƙaruwa, kuma ba ya zuwa shi kaɗai. Za ka ji tana shaƙewa ko tana fizga, silo yana hawa yana sauka, shan mai ya ƙaru, ko wutar cek ta kama. Hanya mafi sauƙi ita ce ka roƙi mai irin motarka, shekara ɗaya inji ɗaya, ya ba ka ka ɗan zaga da ita. In tasa ma haka take, ka huta da kashe kuɗi. In tasa tana tashi taka tana nishi, to gareji ya kama ka, kuma a garejin ma akwai inda ake farawa.

A fara da iya kilina, domin ƙasarmu ta ƙura ce. Littafin mota da kansa ya ce a rage tazarar canja ta a inda ƙura ta yi yawa, balle hunturun Kano, da za ka wanke mota da safe kafin azahar ka iya rubutu da yatsa a gilashinta. Ku lura da abin da ake yi a garejinmu. Yaron makanike ya zaro iya kilina, ya bubbuga ta a jikin taya, ƙura ta turnuƙe, ya kai wa mai faci ya hure ta da iska mai ƙarfi, ya mayar, a ce an yi sabis. Karɓe ta ka ɗaga ta saitin rana. In ka ga ɗigo-ɗigon haske yana ratsowa, takardar ta huje, ƙurar da aka sa ta ta tare yanzu hanyarta a buɗe take zuwa cikin inji. Abin da za ta fara tararwa shi ne sensar auna iska, wata siririyar waya mai zafi da ke bayan akwatin iya kilina. In ƙura ta lulluɓe ta sai ta daina jin canjin iska da wuri, ta kai wa kwamfuta labari a makare, kwamfuta ta ba da mai a makare. Wannan jinkiri ne na gaske, maganinsa kuma sabuwar iya kilina ce da feshin da aka yi musamman don wannan sensar. Kada a wanke ta da fetur, kada a goge ta da tsumma ko burushi.

Sai bakin injekta. In aka kwance robar iska aka haska ciki, za a ga baƙin zobe na dauɗa mai danƙo ya zagaye gefen murfin, daidai inda 'yar iskar silo da ta farkon tashi ke bi. Makanike mai hankali yakan kashe mota ya zare makulli, ya fesa a tsumma mai tsabta ya goge a hankali, ba ya banƙare murfin da ƙarfi, saboda ƙananan haƙoran roba ne ke juya shi. Bayan wanki, wasu motocin, musamman Nissan, sai an sake koya wa kwamfutar matsayin murfin, in ba haka ba silo ya tashi sama a fara cewa an ɓata mota. Filogi ma a duba, a sa irin wanda kamfani ya rubuta. Na iridiyam na asali yana kai kilomita 100,000 da ɗoriya, amma jabunsa ya cika kasuwa, kuma araha ba ta ado. Famfon mai da ke cikin tanki, fetur ɗin ne ke sanyaya shi. Mai yawo kullum da wutar rizab a kunne, yana ƙara lita bibbiyu wajen 'yan bumburutu, shi ke gajiyar da famfonsa da kansa. Famfon da ya gaji yana iya riƙe silo lafiya lau, sai an nemi mai da yawa lokaci guda ya gaza, mota ta dunkuyar da kai kafin ta tashi.

Akwai kuma ciwon da mu muke sa wa mota da hannunmu. An ɗauka a ƙasa mai zafi tamostat ba ta da amfani, sai a cire ta a haɗa fanka kai tsaye, alhali an ƙera injin ne ya yi aiki a wajen digiri 90. In bai kai ba, kwamfuta tana ɗaukarsa bai gama ɗumi ba, ta ci gaba da ƙara mai, filogi ya yi baƙi, wani giyabos ɗin ma ya ƙi sakin jiki. Indomi kuwa in ta narke ta toshe, gaskiya ne tana shaƙe inji har mota ta kasa hawan tudu. Amma ba ta narkewa haka siddan, misin ɗin da aka yi sakaci da shi ne ke kashe ta, ko cin baƙin mai. Lafiyayyar indomi ba ta hana mota tashi, kuma in wani ya matsa maka a fasa a zubar, ka tuna akwai filatinam da faladiyam da rodiyam a cikinta, masu sayenta suna nan da kuɗi a hannu. Man giya shi ma ba a yi masa kuɗin goro. Toyota tana da T-IV da WS, Honda tana da DW-1, CVT ta Nissan tana da NS-2 da NS-3. Jan man nan da ake aunawa daga galan a zuba wa kowace mota shi ne mafarin giyar da ke jinkirin shiga, daga nan ta fara duka, daga nan a sauke giyabos. Haɗa da manyan rim masu nauyi da ake sawa don ado, da taya mara iska, da birkin da ke riƙewa.

Kada ka yarda a yi ta canja maka kaya da ka. Tun 1996 duk ƙaramar motar da aka sayar a Amurka tana da ramin sikana a ƙarƙashin sitiyari, Turai ta biyo baya a 2001 ga masu fetur. Mota tana faɗin inda ke mata ciwo in an tambaye ta. Lamba P0171 tana nufin iska ta rinjayi mai, P2135 tana nufin sensa biyun bakin injekta sun saɓa wa juna. A hali na biyun kwamfuta takan hana inji ƙarfi da gangan, ka taka har ƙasa motar tana rarrafe, don ta gwammace ta kai ka gefen titi da ta bi saƙon da ba ta amince da shi ba. In za ka sayi mota, murɗa makulli ba tare da ka tayar ba ka ga ko wutar cek ta kama. In ba ta kama ba sam, an cire ƙwanta ko an rufe ta. Ku kuma ƙannena masu koyon gyaran mota, ku ba karatun sikana muhimmancin da kuke ba sifana. Goge lamba ba gyara ba ne, gano abin da ya kawo ta shi ne sana'ar, kuma abincin gobe yana hannun wanda ya iya wannan.

Yanzu mu zo kan abin da ya fi ɗaukar hankalinku, wato 'yar na'urar nan da ake tallatawa a intanet, irin su Pedal Commander da Sprint Booster da tarin masu kwaikwayonsu. Ana cire soket ɗin totur a sa ta a tsakani, kafin a sha shayi an gama, kuma wanda ya sa zai rantse maka motarsa ta koma sabuwa. Ba ƙarya yake ba game da abin da ya ji, amma ku fahimci abin da take yi. Ɗan aiken nan take tarewa a hanya ta sa shi ya ƙara gishiri. Ka taka kashi 20, ta ce wa kwamfuta ka taka 40. Kwamfuta ta buɗe murfi daidai da 40, giya ta sauko da wuri, kai kuma ka ji mota ta yi zafi. Duk abin da ta yi, ƙafarka za ta yi shi kyauta in ka ƙara dannawa. Ba ta ƙara wa inji ƙarfin doki ko ɗaya ba, ba ta rage lokacin da turbo ke ɗauka kafin ta cika ba, ba ta rage wanda giyabos ke ɗauka wajen sauya giya ba. Ranar da kake tsananin buƙata kuma, ranar da ka danna har ƙasa, ɗari bisa ɗari ne ke isa kwamfuta, da na'urar ko babu ita.

Abin da ka rasa kuwa shi ne sararin ƙafa. An tattaro duk ƙarfin injin an cusa shi a rabin farko na totur, daidai wurin da kake buƙatar lallaɓawa: shiga get, fakin a bakin masallaci, gosulon kasuwa inda a-daidaita-sahu ke gabanka mai tallan ruwa ke gefenka, kwalta mai santsi bayan ruwan farko. Motar gida kuma ba kai kaɗai ke hawanta ba. Hajiya ko ƙanwarka mai koyo za ta shiga da ƙafar da ta saba, ba ta san an canja ma'auni ba, ga yara suna wasa a tsakar gida.

Masu taɓa manhajar kwamfutar kanta, aikinsu ya fi wannan zurfi, kuma a injin turbo ƙwararre yana iya fito da ƙarin ƙarfi na gaske. Sai dai daga ajiyar da kamfani ya bari ake ciro shi, ajiyar da aka tanada don ranar tsananin zafi da ranar da aka sha mai mara kyau. Mu kuwa ranakun nan ba baƙinmu ba ne, ba a ma manta da fetur mai yawan metanol da aka shigo da shi Najeriya a farkon 2022 ba. A injin da ba turbo, abin da za a samu bai taka kara ya karya ba. Buɗaɗɗiyar iya kilina mai siffar mazurari da salansa mai ƙara, kunne suke yi wa aiki, ta farkon ma zafin bonet da ƙura take zuƙa. Cire kan batir don mota ta manta abin da ta koya yakan canja ta kwana biyu, ta sake komawa yadda take. Sannan ku yi lissafin aljihu. Tun da aka cire tallafin mai a ƙarshen Mayun 2023 kowa ya san abin da ake kira lita, kuma Ma'aikatar Makamashi ta Amurka ta ƙiyasta cewa tuƙin fizga da taka birki yana rage nisan da lita ke kai mota da kashi 10 zuwa 40 cikin 100 a cunkoson gari.

Akwai dalilin da ya sa ba na son a riƙa cusa baƙon abu tsakanin ƙafa da kwamfuta. A watan Agustan 2009, kusa da San Diego a Amurka, wata Lexus ES 350 ta ƙwace da gudu da mutum huɗu 'yan gida ɗaya. Direban jami'in 'yan sandan hanya ne, amma babu wanda ya tsira. Bincike ya nuna kafet ɗin roba na wata motar da ta fi ta girma aka shimfiɗa mata, ya danne totur a ƙasa. Lamarin ya kai Toyota ga kiran miliyoyin motoci don gyara. Aka sa injiniyoyin NASA suka binciki tsarin lantarkin, a Fabrairun 2011 suka ce ba su gano aibun da zai sa ya wangale da kansa ba. Abin da hukumomin Amurka suka tsaya a kai shi ne kafet, da totur mai maƙalewa, da direbobin da suka taka totur suna zaton birki ne. A 2014 kamfanin ya biya tarar dala biliyan 1.2 saboda ɓoye abin da ya sani. In kamfani irin wannan ya sha wannan wuya a kan totur, tambayi kanka wa ya gwada na'urar da ko sunan maƙeri babu a jikinta. Ka kuma leƙa ƙarƙashin ƙafarka, domin mu ma muna da al'adar jibga kafet a kan kafet. Bayan wannan lamari ne tsarin da ke sa birki ya rinjayi totur ya bazu, shi ya sa mai ɗora ƙafar hagu a kan birki, ko mai lalataccen makunnin wutar birki, yakan ji mota tana ƙin amsawa. In kuwa, Allah ya kiyaye, totur ya taɓa maƙale maka, ka danne birki da ƙarfi ba saki, ka tura giya N, ka gangara gefe, sai ka tsaya sannan ka kashe.

Maganin da ya rage ba sayensa ake yi ba. In maɓallin ECO a kunne yake, ka san shi ke ƙara tausasa totur, ka kashe shi in za ka hau babbar hanya. In motar tana da S ko Sport, shi ne abin da waccan na'urar ke kwaikwayo, kuma wanda ya ƙera motar ne ya gwada shi tare da giyarta. Tsofaffin Toyota suna da maɓallin O/D a jikin sandar giya, wasu da ECT PWR. Sai ita ƙafar. Mai sarar totur farat ɗaya ya fi kowa jin jinkiri, don ya nemi komai lokaci guda daga injin da ke kwance. Fara ɗora ƙafa kaɗan tun kana hango gurbin da za ka shiga a shataletale, inji ya ɗauki nauyi, sannan ka ƙara. Nemi miƙaƙƙen titi da ba kowa, ka gwada motarka a kilomita 40, a 60, a 80, da AC da babu, da mutane da babu, har ka san tsawon jiranta yadda ka san inda birkinta ke kamawa.

Na tsawaita a kan wannan ne saboda ku. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce haɗarin hanya yana cin ran kusan mutum miliyan 1.19 a shekara, kuma shi ne kan gaba wajen kashe masu shekara 5 zuwa 29. Da yawanmu mun san gidan da aka yi zaman makokin saurayi saboda wasan mota a biki ko tseren dare, mun kuma ga yadda iyayen ba sa komawa daidai. Amma inda jiran totur ke kisa da gaske shi ne wajen wuce babbar mota a titin da ba a raba shi biyu ba. Mu yi lissafi. Tirela tana tafiyar kilomita 60, kai kana 80, wanda shi ne iyakar da dokar hanya ta Najeriya ta ba ƙaramar mota a irin wannan titi. Kafin ka tashi daga bayanta, ka wuce tsawonta, ka koma hannunka da tazara, sai ka ci mata wajen mita 60, wannan kuwa zai ɗauke ka kusan sakan 11. A cikinsu ka shafe mita 240, mai tahowa da gudun 100 ya shafe 300. Ke nan kana buƙatar fiye da rabin kilomita fayau. Kowane sakan guda da giyarka ta ɓata tana neman sauka, kai da mai tahowa kun matso juna da mita 50.

Wannan sakan ɗin ba a hannun mai tahowa ake kashe shi ba. Tun kana bayan tirelar, ja baya ka bar tazarar da za ta ba ka ganin gaba, kada ka liƙe mata. Sauke giya da hannunka, S ko 3 ko abin da motarka ke da shi, ka bar allura ta hau wajen 3,000, in motar ƙarama ce ka kashe AC. Sa sigina, dubi madubi, fara ɗaukar gudu tun kana hannunka, sannan ka fita da injin da ya riga ya tashi. In ka leƙa ka hango kwana, ko tudun da ba ka ganin bayansa, ko mota tafe ko da ta yi maka nisa a ido, ka mayar da giya D ka koma bayan tirelar, ko da na bayanka yana ta danna maka hon.